Ciwon Gaɓa Ba Ciwon Gaba Ba Ne

Masu sayar mana da littattafan Hausa ta intanet sun samo wata dabara, kuma wallahi dabarar nan ta ishe ni. Marubuci ya gama littafinsa, an mayar da shi fayil don a karanta a waya ko a na'urar karatu, sai wani mai saye ya yi ƙorafi cewa a tasa na'urar haruffa masu ƙugiya ba sa fitowa, wasu 'yan akwatuna yake gani a gurbinsu. To maimakon a gyara fayil ɗin, sai a gyara Hausar. A bi littafi daga bango zuwa bango a cire ƙugiyar ɓ da ɗ da ƙ, a mayar da su b da d da k, a ce shi ke nan, yanzu kowa zai iya karantawa. Ke da kike zaune a Leeds ko Jidda ko Kumasi, kika tura kuɗinki don ki samo wa yaranki abin karantawa da harshen gida, abin da ake miƙo miki ke nan, littafin da aka fige kamar kazar Sallah.

Aikina jinya ne, don haka bari in fara da kalmomin da nake wuni da su. Gaɓa ita ce mahaɗar ƙashi, irin gwiwa da wuyan hannu. Gaba kuwa, kowane baligi ya san abin da Bahaushe yake sakayawa da ita. Tsohuwar da sanyi ya kama wa gwiwoyi ciwon gaɓa take yi, cire ƙugiyar ki ga irin ƙazafin da kika yi wa baiwar Allah. Ƙashi shi ne abin da ke karyewa a kai mutum wajen mai ɗori. Kashi shi ne abin da muke karɓa a 'yar roba mu aika ɗakin gwaji. Mace ta yi ɓari, zuciyarta a karye, a rubuta wai ta yi bari, kamar wani aiki ta fara ta fasa. An taɓa kawo mini wata takardar wayar da kai kan ciwon sanyin gaɓoɓi da aka fassara zuwa Hausa, aka ce in duba kafin a raba wa majinyata. Mai fassarar ya yi aikinsa daidai, amma tsakanin kwamfutarsa da injin bugawa duk ƙugiyoyin sun zube. Takardar tana umartar dattawanmu su riƙa gasa gaba da ruwan ɗumi safe da yamma. Na mayar da ita.

A asibitocin nan Birtaniya akwai dokar da kowace nas ta sani: idan za a rubuta maikirogiram a takardar magani, sai an rubuta kalmar cikakkiya, ba a yarda a taƙaita ta da alamar nan ta Girkanci, µ, ba. Da rubutun hannu ana iya ɗaukarta a matsayin m, kuma miligiram ya ninka maikirogiram sau 1,000. A kwamfuta ma an sha fama da wannan, domin a tsohon tsari µ ɗin harafin m ne kawai aka sa wa wata riga, idan takardar ta je kwamfutar da ba ta da rigar sai ya koma m ɗinsa, babu wanda ya taɓa shi. Ban ce littafin tatsuniya zai kashe kowa ba. Amma wadda ta yi shekaru tana ganin yadda ɗan wutsiya guda a jikin harafi yake raba magani da guba, ba za ka zo ka ce mata 'yar lanƙwasa ba komai ba ce.

To me ke faruwa ne a cikin na'urar? Abin ba tsafi ba ne. Akwai wani babban kundi da ake kira Unicode, wanda ya ba kowane harafi na harsunan duniya lambarsa, kuma haruffanmu masu ƙugiya suna cikinsa tun farkon shekarun 1990. Fayil ɗin littafi lambobin nan yake ɗauke da su. Zanen harafin kuwa, yadda zai fito a gaban idonki, yana zuwa ne daga wani fayil dabam, wato zubin haruffa, wanda ke ɗauke da hoton kowane harafi. Ki ɗauke shi kamar takardar likita da kantin magani. Takardar ta ce a ba da ƙ. Na'ura ta duba zubin da ake karatu da shi, idan babu sai ta leƙa maƙwabta ta aro. Shi ya sa wani lokaci za ki ga kalma tana ɗingishi, duk haruffanta iri ɗaya amma ɗ ɗin tsakiya ya fi su ƙiba ko ya fi su tsawo, kamar baƙo a hoton dangi. Idan maƙwabtan ma babu, sai ta ajiye akwati. Masu harkar kwamfuta suna kiran akwatin nan tofu, wato awara, saboda kamarsa da yankan awara. Har kamfanin Google ya yi wani gagarumin aiki na zana haruffan harsunan duniya ya sa masa suna Noto, ma'ana babu sauran awara.

Ki lura da wannan da kyau. Lokacin da kika ga akwati, harafin yana nan da ransa a cikin fayil, kantin ne ba shi da kaya. Kai littafin wata na'ura, zai fito tas. Amma ranar da marubuci ya bi ya cire ƙugiya da hannunsa, babu na'urar da za ta sake dawo da ita. A wane asibiti ne ake goge sunan magani daga takardar majinyaci a rubuta wani mai kama da shi a suna, don kawai kantin da ke bakin ƙofa bai da shi?

Ba wai na wanke masu ƙera na'urori ba ne. Suna da nasu laifin, kuma mai girma. Mutanen Iceland ba su kai rabin miliyan ba, amma haruffansu biyu, þ da ð, da wuya ki sami zubin boko da babu su, saboda tun farko an sa su a sahun gaba tare da na Faransanci da Jamusanci. Sahu na biyu ya kwashi na Poland da Turkiyya da maƙwabtansu. Yawancin masu zana haruffa nan suke tsayawa su karkaɗe hannu, su ce sun gama da boko. Namu suna gaba da nan, kuma ba ma a wuri ɗaya suke ba. Manyan Ɓ da Ɗ da Ƙ da ƙaramin ƙ suna wani sashe, ƙananan ɓ da ɗ kuma an jefa su can cikin alamomin masu nazarin furuci, kamar wasu kayan ɗakin gwaji, alhali miliyoyin mutane da su suke rubuta sunayen 'ya'yansu. Shi ya sa ake iya samun zubin da ya ɗauki wasu ya bar wasu, ki ga ƙ ya fito lafiya ɗ ya zama awara. Raini ne, ban da wani suna da zan ba shi. Sai dai in mun zauna jiran ranar da wani a California zai tuna da mu, jikokinmu ne za su ga ranar, in ma suna jin Hausar a lokacin.

Abin da ya ƙara dagula lissafi shi ne littafin na'ura ba iri ɗaya ba ne. Akwai EPUB, wanda yawancin duniya ke amfani da shi. Shi kamar jaka ne da aka zuba shafukan intanet a ciki aka ɗaure, kuma jakar tana da wurin sa zubin haruffa, littafi ya tafi da kayansa duk inda za shi. Kobo da Apple Books da Google Play Books duk suna karanta shi. Amazon kuwa da ya fito da Kindle a 2007 sai ya bi tasa hanyar, ya yi amfani da tsarin MOBI na wani kamfanin Faransa, Mobipocket, da ya saya a 2005. Tsohon MOBI ba ya ɗaukar zubi a cikinsa ko kaɗan, abin da na'ura take da shi da shi za ki yi karatu. Sai a 2011 suka fito da sabon tsari, KF8, wanda fayil ɗinsa ke ƙarewa da AZW3, shi yana ɗauka. A 2018 suka buɗe ƙofa mai Kindle ya zuba nasa zubin ta hanyar jona na'urar da kwamfuta, abin da masu Kobo suka daɗe suna yi. A 2022 kuma suka fara karɓar EPUB idan mutum ya aika wa Kindle ɗinsa, amma sai sun juya shi zuwa nasu tsarin tukuna. Kin ga littafi ɗaya yana iya fitowa da fuska uku a gida ɗaya, dabam a wayar uwa, dabam a kwamfutar hannun yaro, dabam a tsohuwar na'urar da baba ya saya shekara goma da suka wuce. Waya ita ce mai sauƙin hali, don cike take da zubi iri-iri da za ta ara. Na'urorin karatu masu farin allo, musamman tsofaffin, su ne masu ƙarancin kaya.

Kuma ko an sa zubin a cikin littafi, ba a gama ba. Waɗannan na'urori suna ba mai karatu damar zaɓar zubin da idonsa ya fi so, abu ne mai kyau, ni kaina bayan aikin dare haruffa manya nake nema. Amma da zarar kin canza, kin ajiye wanda ya zo da littafin kin koma na na'ura. A Kindle akwai zaɓin da ake kira Publisher Font, shi ne ke mayar da ke kan wanda mawallafi ya sa, sauran manhajoji ma suna da irinsa da wasu sunaye. Mutum nawa cikinmu suka san da wannan? Layi ɗaya a shafin farko ya isa ya gaya wa mai karatu, amma ban cika ganin mai yi ba. Wani kuskuren kuma, a sa zubi mai kyau a cikin labari, a manta da kanun babi da aka yi wa ado da wani zubin na gayu. Sai ki buɗe ki ga Babi Na, akwati, aya. Ko a sa na rubutu miƙaƙƙe a manta da mai kauri da mai kwance, alhali kowannensu fayil ne mai zaman kansa.

Na san abin da wani zai ce, ai sai a yi PDF a huta. Gaskiya ne PDF yana riƙe haruffansa, yadda aka ɗaura shi haka zai isa. Amma shafi ne a daskare. An tsara shi don takarda mai faɗin tafin hannu biyu, ke kuma kina duba shi a fuskar waya. Ki ja ki ƙara girma, layi ya fice gefe, ki ja hagu, ki ja dama, kowane layi sai kin yi masa rakiya. Matashi zai jure. Hajiya mai shekara 70 da yanar ido ta fara rufe mata gani, wadda ita ce ta fi kowa lokacin karatu a gidan da kowa ya tafi aiki kuma sanyi ya hana fita, shafi biyu za ta yi ta ajiye. Amfanin EPUB gaba ɗaya shi ne rubutu ya bi girman da ido ke so ya sake jera kansa. Waɗanda kuma suke ɗaukar hoton shafuka su jera su kira shi littafi, ba zan ɓata yawuna a kansu ba.

Babbar hujjar masu fige littafi ita ce wai ai ana ganewa. Wai Bahaushe idan ya ga kasa a cikin jimla ya san ko ƙasa ake nufi, ko kasa ta maciji, ko kasa ta gazawa. Haka ne, ni da ke muna ganewa, domin mun sha Hausa a nono, kunnenmu ne yake cike gurbin da ido ya rasa. Amma wa muke saya wa littattafan nan? Yaron da aka haifa a Bradford ko Houston, wanda Hausarsa ta tsaya a zo ka ci abinci da kashe talabijin ɗin nan, ba shi da wannan kunnen. Turanci ba shi da sautin ɓ, ba shi da ɗ, ba shi da ƙ, kuma su ne farkon abin da ke zubewa daga bakin yaranmu. Ki saurare su, za ki ji daki da kofa da barawo. Littafi shi ne wuri guda da yaron zai gani da idonsa cewa waɗannan sautuka dabam ne, ya tambaya, a nuna masa yadda ake furta su. Idan littafin ma ya ce masa duk ɗaya ne, wa zai musa? Ya ci karo da kura a labari, ya buɗe ƙamus, ya sami dabba mai cin mushe, alhali marubuci ƙura yake nufi, wadda mota ta tayar. A ƙamus na kirki, irin Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero da ya fito a 2006, k da ƙ kowa da sashensa, yaron ba zai ma san akwai wata ƙofar da ya kamata ya ƙwanƙwasa ba.

Sai su ce to ai karin sauti ma ba ma rubutawa, tsawon wasali ma ba ma nunawa, me ya sa sai ƙugiya za a yi wa kuka? Haba jama'a. Wannan ai hujjata ce kuka kawo. Rubutunmu na yau da kullum ya riga ya bar wa mai karatu aiki mai yawa. Baƙi na launi da baƙi na gida iri ɗaya muke rubuta su, mun haƙura. Yanzu a ƙara musu da baki na cin abinci? Majinyacin da ya riga ya rasa ƙoda ɗaya, ba a cewa tunda yana rayuwa da ɗaya bari a gwada cire ɗayar.

Marubutanmu na WhatsApp da Wattpad kuwa, musamman 'yan mata masu rubuta littattafan soyayya da babban yatsa a waya, ina da sassauci a kansu. Su ne ke rubuta qauna, su rubuta 6arawo da lamba shida, su rubuta d'aki da waƙafi a sama. Dariya ake musu, amma ni ina ganin sun fi wasu masu digiri gaskiya, domin kunnensu ya ƙi yarda a ce k da ƙ abu ɗaya ne, suka nemi mafita da abin da ke hannunsu. Matsalar ita ce yanzu kalma ɗaya tana da fuska huɗu, ƙauna da qauna da k'auna da kauna. Nemi kalma a cikin littafi, na'ura za ta kawo miki ɗaya ta bar uku. Kuma uzurin ya ƙare. Gboard na wayoyin Android yana da allon rubutun Hausa, shiga saiti ne kawai a ƙara harshe. Windows ma yana da nasa. Ƙanwata, in kina iya koyon yadda ake karɓar kuɗin littafi ta banki daga mutanen da ke Saudiyya, za ki iya koyon inda ɓ yake.

Akwai wani ciwon kuma da ya fi kama manyan marubuta da malamai. Kafin Unicode ya zama ruwan dare, masananmu a Kano sun yi dabara, suka ƙera zubi na musamman irin su Rabi'at, suka ɗora haruffa masu ƙugiya a kan maɓallan da ba a cika amfani da su ba. Aiki ne da ya cancanci godiya, da shi aka buga littattafai da kundayen digiri masu yawa. Amma irin rigar nan ce ta µ. A ƙarƙashi ba harafin Hausa ba ne, baka ce ko wata alama. Shi ya sa har yau za ki ci karo da }asa da ha~aka da [anfodiyo a rubuce-rubucen da aka kwafo daga tsofaffin fayiloli. Wanda ya ɗauki irin wannan fayil ya juya shi EPUB kai tsaye ya ɗora a kasuwa, ya sayar da shara. Gyaran bai fi a sa kwamfuta ta nemo kowace alama ta musanya ta da harafin gaskiya ba, sau shida ko bakwai, sannan mutum ya zauna ya karanta da idonsa. Aikin yamma ɗaya ne.

Abin da ke ba ni kunya shi ne in tuna daga ina muka fito. A shekarun 1930 aka tsayar da waɗannan haruffa a rubutun boko, bayan an gwada ɗigo a ƙarƙashi an gwada waƙafi a gefe. Zamanin ke nan na gasar rubutu ta 1933 da ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, zamanin Rupert East a Zariya, kafin Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a 1939. A lokacin kowane harafi ɗan ƙarfe ne, idan kana son ƙ sai an zuba maka shi a dalma. Suka yi. Littattafan da muka karanta a firamare da sakandare, su Magana Jari Ce da Iliya Ɗan Maiƙarfi, da ƙugiyoyinsu suka zo mana. Masu buga tafireta kuma, in sun zare takarda sai su ɗauki biro su bi layi-layi suna lanƙwasa kan kowane harafi da hannu. Mu da aka sauƙaƙa wa komai, mu ne za mu ce ya yi wuya?

Kai marubuci, kai mawallafi, saurara, don maganin kyauta ne. Ƙungiyar SIL ta zana zubi da dama musamman don harsuna irin namu: Charis da Gentium da Doulos, da Andika wanda aka yi don masu koyon karatu, shi na fi so wa littafin yara saboda haruffansa ba sa rikita ido. Ga kuma Noto na Google. Dukkansu suna da ɓ da ɗ da ƙ manya da ƙanana, kuma lasisinsu ya halatta ka sa su cikin littafin da za ka sayar ba tare da ka biya kobo ba, saɓanin wasu na kasuwa da dokarsu ta hana. Manhajar Calibre kyauta ce, Sigil ma kyauta ce, kowace tana iya cusa zubi cikin EPUB, kuma Calibre na iya rage shi ya rage haruffan da littafin ya yi amfani da su kawai, don kada ka ce nauyi. Bidiyon biki na minti ɗaya da kake turawa a zaure ya fi shi nauyi nesa ba kusa ba. Ka sa alamar da ke gaya wa na'ura cewa harshen littafin Hausa ne, haruffa biyu ne rak, ha. Ka daina raba tsohon MOBI. Sannan ka gwada. Mu a ɗakin majinyata akwai magungunan da ba a bayarwa sai nas biyu sun duba sun sa hannu. Kai ma ka tura fayil ɗin ga mai waya, ga mai Kindle, ga mai Kobo, su buɗe su ɗauko maka hoton shafi. Ai mu na waje muna da na'urorin nan birjik a gidajenmu, wasu ma ƙura suke sha a durowa. Tambaya kawai za ka yi.

In masu karatunka sun haɗa da 'yan'uwanmu na Nijar, ka tuna su ƴ suke rubutawa inda mu muke sa waƙafi kafin y, don haka ka duba shi ma. Namu waƙafin kuma yana da tasa fitinar, kwamfuta tana ɗaukarsa alamar buɗe zance ta juya shi baibai a farkon kalma, 'yan ya fito da wutsiya a karkace. Ajami kuwa, wanda mutanenmu na Sudan da Makka da zangunan Ghana suka fi sabawa da shi, tasa wahalar ta ninka wannan, tunda daga dama yake farawa kuma yana da alamomin da Larabcin yau ba ya amfani da su. Shi ma an yi masa zubi, Alkalami, wanda aka zana bisa salon rubutun Kano, da Harmattan. Wannan magana ce ta wata rana.

Saura mu masu saye, don ba zan bar mu mu tsira ba. Mu ne muke da fam da dala da riyal, mu ne masu biyan kuɗin littafi ba tare da ciniki ba, kuma mu ne muka fi kowa shiru. Mu karɓi littafi a fige mu ce Allah ya saka da alheri, ai an yi ƙoƙari. Wannan kawaicin ba taimakon marubuci ba ne. In kika sayi takalmin yaro a nan kika ga ƙafa ɗaya babu igiya, kafin la'asar kin mayar da shi da rasit a hannu. Kafin ki tura kuɗi, ki nemi a turo miki babin farko ki buɗe a na'urar da za a karanta shi. Ki duba kalmar ɗaya, ki duba ƙasa, ki duba kan babi. In kika ga awara, ki fara canza zubi a taki na'urar, sau da yawa nan abin yake ƙarewa. In kuwa kika ga daya da kasa tsirara, ba laifin na'ura ba ne, da hannu aka yi. Ki rubuta wa mai littafin cikin mutunci, ki gaishe shi da aiki, ki ce labarinsa kike so amma da haruffansa, ki tura masa sunan Andika da Calibre, ki ce kuɗinki yana nan a ajiye har ranar da sabon fayil ya iso.